Dawaki nawa ƙaramar mota za ta iya ɗauka? Sharhi kan iyakar lodi a safarar dawaki

Dokin hawa a unguwannin Zango na Kumasi a Ghana, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, ba ya rabuwa da tafiya. Daga arewa ake sayo shi, arewar kuma yake komawa idan watan bikin Damba ya kama a Tamale ko Yendi, sannan ga naɗin sarauta da ɗaurin aure da hawan salla da ake gayyatar masu dawaki a Techiman ko Ejura ko Accra. Tafiyar da magabata ke yi da ƙafa kwana da kwanaki yanzu a mota ake yin ta, kuma ba babbar mota ba: ko dai akori-kura irin Kia Bongo da Hyundai Porter da aka ɗaura wa kejin ƙarfe, ko Sprinter da aka cire wa kujeru, ko kuma, ga masu hali, ƙaramar motar dawaki ta musamman da aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Tema bayan ta gama aikinta a Turai.

Idan mai doki ya kai motarsa Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, don a yi mata bodi, tambayar da yake yi wa mai walda ita ce, “Masta, dawaki nawa za ta ci?” Shi kuma sai ya ja tef ya auna tsawo da faɗi, ya ce, “Alhaji, in muka sa shinge a tsakiya, biyu za su shiga har a samu wurin kaya.” Babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu, sai dai amsar da aka bayar ta sarari ce, alhali abin da ke fasa taya da kashe birki nauyi ne. A ganina mafi yawan ƙananan motocin da muke ɗaukar dawaki da su suna da ɗakin doki biyu amma ƙarfin doki ɗaya gare su, kuma ana iya tabbatar da haka da lissafin da bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, muddin an samu alƙaluman gaskiya.

Alƙaluman farko a jikin motar suke. Kowace motar da aka ƙera don kasuwar Turai tana da ɗan allon ƙarfe ko manna, a ginshiƙin ƙofar gaba ko a ƙarƙashin murfin injin, wanda bayan lambar shasi yake ɗauke da lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin da kamfani ya yarda motar ta kai idan an haɗa komai, wato ita kanta motar da man da ke tankinta da direba da fasinja da duk abin da aka loda. Ta biyu iyakar nauyinta ce tare da tirelar da take ja. Ta uku da ta huɗu su ne abin da aksil na gaba da na baya, wato sandunan da tayoyi ke ɗaure a jikinsu, kowanne zai iya ɗauka shi kaɗai. Babu ko ɗaya a cikin huɗun da ke faɗin yawan kayan da za a loda. Wannan sai an same shi ta hanyar ɗebe nauyin motar a yadda take a yau, ba a yadda ta fito daga kamfani ba, daga lamba ta farko.

A yawancin ƙananan motocin dawaki na Turai lamba ta farkon nan 3,500 ce, kuma dalilin ba na injiniya ba ne, na lasisi ne. A ƙasashen Tarayyar Turai lasisin ƙaramar mota, rukunin B, ya tsaya ne a kilo 3,500, haka ma a Birtaniya ga duk wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga ranar 1 ga Janairun 1997. Don kada masu dawaki su sake zaman wata jarrabawar, sai maƙera suka riƙa ɗaukar shasin Renault Master ko Fiat Ducato ko Peugeot Boxer suna gina masa ɗakin doki biyu, suna ta faman rage nauyin bodi da alminiyam da faifan roba mai ƙarfi. Duk da wannan ƙoƙari, abin da ke saura na lodi yakan tsaya a wajajen tan ɗaya, wani lokaci ya haura kaɗan, wani lokaci ya gaza. Dawakinsu kuwa manya ne, da yawa sun wuce kilo 550, saboda haka a can ma sanannen abu ne cewa motar da aka sayar a matsayin ta doki biyu ba ta iya ɗaukar manyan dawaki biyu bisa doka. Wasu masu sayarwa kuma sukan auna motar babu safayar taya, babu shinge, tanki kusan wayam, sannan su rubuta adadin a tallarsu, shi ya sa adadin talla ba abin gina lissafi a kansa ba ne.

A nan Ghana akwai abubuwa biyu da suka sauya lissafin. Tun 1974 a hannun dama muke tuƙi, kuma an hana shigo da mota mai sitiyari a dama, don haka motocin Birtaniya ba namu ba ne. Na Jamus da Holand da Beljiyam da Faransa ne ke iso mana. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: a tsarin DVLA, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi, lasisin rukunin B ya tsaya a kilo 3,000, rukunin C ne ya kama daga 3,000 zuwa 5,500. Ke nan ribar da ta sa Bature ya maƙale wa motar kilo 3,500 mu ba mu da ita, tunda ko ita ce za a tuƙa sai an nemi mai lasisin C. Wanda dole ya nemi wannan lasisin kuwa babu abin da ya ɗaure shi ga ƙaramar. A jerin motocin Sprinter, lambar farko ta sunan motar tana nuna ajinta na nauyi: 313 da 316 na ajin tan uku da rabi ne, 515 da 516 kuwa na ajin tan biyar, yawanci da tagwayen tayoyi a baya, kuma duka lasisi ɗaya ke tuƙa su. Mutumin da ya san dawaki biyu zai riƙa ɗauka a kai a kai, ya sayi ta farkon don ta fi araha a tasha, ya sayi matsalar da dokar wata ƙasa ta haifar.

Sai dai yawancinmu ba motar Turai muke amfani da ita ba, bodin gida ne, kuma a nan ne lodi ke salwanta ba tare da kowa ya lura ba. Masu walda na Suame gwanaye ne, kuma hankalinsu yana kan ƙarfi, don sun san ingarma idan ya fusata zai iya ɓalle abin da bai yi ƙwari ba. Amma ƙarfin da aka samu da baƙin ƙarfe da katako mai nauyi daga cikin lodin ake biyansa. Falen ƙarfe mai kaurin milimita 2 yana da nauyin kusan kilo 16 a kowace murabba'in mita, mai kaurin milimita 3 kuma kusan kilo 23 da rabi. A ɗauki bodi mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1.8. Idan aka kewaye gefe biyu da gaba da fale mai milimita 2 har tsayin mita 1.2, an ɗora kusan kilo 147. Idan aka shimfiɗa katakon odum mai kaurin santimita 5 a ƙasa, an ƙara kusan kilo 175. Ƙofar baya da ake kwantarwa doki ya taka ya hau, in faɗinta mita 1.8 ne tsawonta 1.5 da fale mai milimita 3, falen kaɗai ya kai kilo 63 kafin a sa masa firam. An wuce kilo 380 ke nan, ba a lissafa bututun firam ba, ba rufi, ba shingen tsakiya, ba tabarmar roba. Su kuwa Bongo da Porter, a Koriya inda ake ƙera su, motocin tan ɗaya ake kiransu. Bodi irin wannan yana cinye kusan rabin ƙarfinsu tun kofato bai taɓa su ba.

Ba ina nufin a rage kaurin daɓe don a samu sauƙin nauyi ba. Doki yana tara nauyinsa ne a kan kofato huɗu, idan kuma mota ta yi tsalle ko ya ɗaga ƙafa, nauyin yakan koma kan biyu ko ɗaya, sannan fitsari yana ruɓar da katako daga ƙasa yana kuma cin ƙarfe, ta yadda daɓen da ke da kyan gani daga sama zai iya ɓurmawa ana cikin gudu. Daɓe da bangon da ke bayan direba su ne wurare biyu da ba a yi musu rowar ƙarfe. Inda ya kamata a rage shi ne sama: rufi, da ɓangaren bango da ya wuce tsayin ƙirjin doki, da akwatunan kaya, da ado na ƙarfe da ake liƙawa a gefe. Alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, kuma duk kilo da aka cire daga sama riba biyu ce, don ya ƙara lodi ya kuma rage layin da mota ke yi a kwana.

Alƙalami na gaba nauyin dokin ne, kuma shi ne wanda aka fi yi wa kirdado. Idan aka yi maganar awo sai a ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan gaskiya ce a cinikin hatsi, inda kuskuren tiya ɗaya ba ya kashe kowa, amma a motar da abin da ya rage mata bai fi kilo ɗari ko biyu ba, kuskuren ido a kan dawaki biyu kaɗai ya isa ya cinye shi. Dawakinmu na arewa yawanci suna tsakanin kilo 300 da 400, na folo da na tsere irin waɗanda ake gani a Accra kuwa sukan kai 450 zuwa 500. Akwai hanyar ƙiyasi da likitocin dabbobi suka daɗe suna amfani da ita, wadda tef ɗin tela ya ishe ta. A auna zagayen ƙirji da santimita, daidai bayan ƙafafun gaba inda majayi ke bi, a kuma auna tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Sai a ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Doki mai zagayen 165 da tsawon 145 zai ba da kusan kilo 332. Idan an yi masa kiwon salla da dawa da dusa da kanwa har zagayen ya kai 175, ya koma kusan 374. Ƙarin santimita goma da ido zai gani a matsayin kyan jiki kawai ya zama kilo arba'in a kan taya.

Yanzu a haɗa lissafin. A ɗauka mota ce mai iyakar kilo 3,500, an ɗora ta a sikeli da cikakken tanki ba kowa a ciki ta nuna 2,550, wato saura 950. Dawaki biyu masu kilo 350 kowanne sun ɗauke 700, saura 250. Direba mai kilo 80 da yaran barga biyu masu kilo 70 kowanne sun ɗauke 220, saura 30. Sirdin gargajiya mai ƙashin itace, da likkafun ƙarfe da linzami da jalala da sauran kayan ado, in aka ƙaddara kilo 25 ga kowane doki, an riga an tsallake iyaka da kilo 20. Ba a sa ruwa ba tukuna, shi kuwa kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka jarkoki huɗu masu cin lita 25, irin masu ruwan ɗorawar nan da ke kowane gida, kilo 100 ne. A ƙara buhun dawa mai kilo 50 da damman harawa na kilo 30, motar ta kai 3,700. Wannan da ƙananan dawakinmu ke nan. Da na folo ne masu kilo 450, su biyun kaɗai za su bar kilo 50, abin da bai isa nauyin direban da zai tuƙa su ba.

Kuma duk wanda ya taɓa ganin fitar ayarin hawa daga Zango ya san cewa mutum uku da na lissafa ƙaranci ne. Akwai mahayi, akwai ƙanensa, akwai makaɗi da gangarsa, akwai maƙwabcin da ya ce a rage masa hanya zuwa Kintampo, kuma a al'adarmu da wuya mai mota ya iya cewa a'a. Kowane mutum ɗaya kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin doki. Wanda ya zauna a baya tare da dawakin kuwa, ban da nauyin da ya ƙara, ya sa kansa a wuri mafi haɗari a motar.

Ko jimilla ba ta wuce ba, mota tana iya yin obalodi a aksil ɗaya. A irin waɗannan motoci ana yawan ganin kusan 1,850 a gaba da 2,000 zuwa 2,100 a baya, waɗanda in aka haɗa sun fi 3,500, amma wannan rarar an bar ta ne don kaya ba sa zama daidai tsakiya, ba don a cike duka biyun ba. Duk wanda ya taɓa tura amalanke mai taya biyu a kasuwar Kejetia ya san cewa idan aka tara kaya a can ƙarshen da ya wuce taya, mariƙin ne ke tashi sama. Haka mota take. A ɗauka tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ce, aka tsayar da doki mai kilo 400 ta yadda tsakiyar nauyinsa ta faɗa mita 1 a bayan tayoyin baya. Aksil na baya ba 400 zai ɗauka ba, 500 zai ɗauka, na gaba kuma a rage masa 100. Tayoyin gaba su ne na sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki, kuma a Master da Ducato su ne ma ke jan motar, don haka rage musu nauyi rage musu riƙon kwalta ne. Wannan ya shafi masu tsawaita bodi ta baya don a samu wurin doki na biyu, abin da ake yi wa akori-kura sosai. Ana kuma bukatar a tuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a kan ƙafafunsa na gaba yake, saboda haka inda ya fuskanta yana sauya rabon nauyin. Motocin Turai suna tsayar da dawaki a tsakanin aksil biyu suna kallon baya, a kan daɓe mai kusa da ƙasa, da bango mai ƙarfi tsakaninsu da direba, kuma ba don ado aka tsara su haka ba.

Hujjar da direbobi suka fi kawowa ita ce, “Motar nan na sha ɗora mata siminti buhu arba'in ta kai lafiya.” Buhu arba'in tan biyu ne, kuma ba na musun cewa ta kai. Amma siminti yana kwance a daɓe, nauyinsa a ƙasa, ba ya motsi. Doki yana tsaye, gangar jikinsa tana sama da mita ɗaya daga daɓen da shi kansa a akori-kura ya yi nisa da ƙasa, kuma yana gyara tsayuwa a kowace kwana. Idan mota ta karkata hagu yakan tura jikinsa ya nemi daidaito, wani lokaci ya makara, sai nauyinsa ya bugi shinge daidai lokacin da motar ke ƙoƙarin miƙewa. Idan dawaki biyu suka yi haka tare, kilo ɗari bakwai ne suka koma gefe ɗaya a sama. Birki mai ƙarfi, wanda bai ma kai na karo ba, yana iya sa doki mai kilo 400 ya danna abin da ke gabansa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 200. Saboda haka iyakar da kamfani ya rubuta, wadda aka yi ta don kaya marasa rai da aka ɗaure, ga mai ɗaukar doki ba wurin da zai nufa ba ne. Kamata ya yi ya tsaya ƙasa da ita da tazara mai kyau.

Hujja ta biyu ta bakanike ce: a ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya, motar ta daina zama. Gaskiya ne za ta daina zama, kuma wannan shi ne haɗarin gyaran, domin zaman da mota ke yi shi ne alamar da ido ke iya gani, an kuwa share alamar an bar cutar. Ƙarin sifirin bai ƙara wa birki faɗi ba, bai ƙara wa boris ƙarfi ba, bai sauya taya ba. A gefen kowace taya akwai lambar da ke faɗin iyakar abin da za ta ɗauka. Tayar da aka rubuta wa 225/65 R16C 112/110, harafin C yana nuna ta motar kaya ce, 112 kuma yana nufin kilo 1,120 idan ita kaɗai ce a gefenta, don haka biyu suna ɗaukar 2,240, sun rufe aksil mai 2,100. Idan aka je wurin masu tsofaffin tayoyi aka ɗauko ta ƙaramar mota mai lamba 98 don ta shiga rim ɗin kuma ta fi araha, kilo 750 ce iyakarta, biyu 1,500, an rage wa aksil ɗin kilo 600 ba tare da an sani ba. Adadin nan ma sai da cikakkiyar iska yake tabbata. Taya mai ƙarancin iska da nauyi ya danne tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi, kuma a kan kwaltar Techiman zuwa Tamale da tsakar rana zafin ba ya samun inda zai fita. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna faɗin mako da shekarar da aka yi tayar, misali 2319 mako na 23 ne na shekarar 2019, kuma tsohuwar taya tana iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba.

Shi birki aikinsa mayar da gudu zafi ne. Zafin yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma da gudu ninkuwa yake yi: daga kilomita 60 zuwa 80 a awa, aikin da birki zai yi ya kusa ninki biyu. A doguwar gangara irin ta Mampong, a hanyar Ejura, motar da ta yi nauyi kuma direba ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama tana iya isa ƙasa da birkin da ya yi zafi har ya daina kamawa. Ƙaramar giya ita ce maganin wannan, tare da ragin nauyin tun daga gida.

Dokin kansa yana biyan nasa kason ko ba a yi haɗari ba. Tsayuwa a mota mai tafiya aiki ne gare shi, kuma daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, tafiyar da mai dawaki ba zai yi ta cikin gaggawa ba. Motar da nauyi ya danne har sifirin ya ƙure ba ta da sauran abin da za ta shanye rami ko tudun rage gudu da shi, sai bugun ya wuce kai tsaye zuwa ƙafafun dabbar. Dokin da aka ɗaure kansa sama awanni da yawa ba ya iya sunkuyawa ya fitar da majina da ƙura, kuma wannan yana cikin sanannun dalilan ciwon huhu da ke kama dawaki bayan doguwar tafiya. Abin da nake tsoro shi ne mai doki ya ji wannan lissafi ya ce to bari a bar ruwa a gida don a rage nauyi. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, a zafi da gumi ma fiye, kuma wasu ba sa yarda da ruwan da ba su saba da shi ba. Ruwa da abinci da sirdi da mutane su bi wata motar. A bar jarka ɗaya da bokiti tare da dawakin.

Duk wannan lissafi yana rataye ne a kan awo na gaskiya, kuma samunsa bai yi wuyar da ake zato ba. Wuraren fasa dutse da manyan masu sayen tsofaffin ƙarafa da masana'antu da dama suna da sikelin da mota ke hawa. A je da motar da cikakken tanki, da safayar taya da jak da shinge da tabarma, duk abin da ba ya fita daga cikinta. A auna ta gaba ɗaya, sannan a hau da tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai. Wata rana a koma da dawakin da mutanen da kayan kamar yadda za a yi tafiya, a maimaita awon uku. Bambancin zai nuna ainihin nauyin lodin, awon aksil kuma zai nuna ko akwai bukatar a matsar da shinge gaba. Irin waɗannan manyan sikeli yawanci da kilo ashirin-ashirin suke ƙirga, don haka wanda ya ga saura kilo 20 ya ɗauka babu saura. Abin da aka samu a rubuta shi da fenti a cikin ƙofar direba, domin ba kullum mai motar ne ke lodi ba, kuma duk lokacin da aka koma wurin mai walda aka ƙara wani abu, sai an sake awo.

Ta fuskar doka, Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 2004 da ƙa'idojinta su ne ke tafiyar da sha'anin lodi, amma tashoshin awon nauyi na Hukumar Manyan Hanyoyi hankalinsu yana kan tireloli masu zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, waɗanda ke lalata kwalta. Ƙaramar mota mai doki biyu takan wuce ba a dube ta ba, sai mai ita ya ɗauka cewa lodinsa daidai ne. Ranar da aka yi haɗari ne tambayoyin ke tasowa, a kan ajin lasisin direba, da ko an sanar da hukuma sauyin da aka yi wa bodi, da yawan mutanen da ke ciki, kuma kamfanin inshora yana da damar ya yi jayayya a kan kowanne.

Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne mai doki da ba shi da mota, wanda ke zuwa tasha ya ɗauki shatar akori-kura, kuma su ne mafi yawa. Ba zai iya kai motar wani sikeli ba, direban kuma yana son kuɗin sawu, ba zai ce ta yi kaɗan ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya karanta allon da ke jikin ƙofa, ya duƙa ya duba lambar taya da shekararta, ya leƙa ƙarƙashin daɓe ya soka wuƙa a katakon ya ji ko ya ruɓe, kuma ya ƙaddara cewa motar tan ɗaya mai kejin ƙarfe ta doki ɗaya ce da yaron barga a gaba. Idan dawakin unguwa uku ko huɗu ne za su je Damba ɗaya, ya fi sauƙi masu su su haɗa kuɗi su ɗauki babbar mota irin Kia Rhino, a yi mata shinge mai ƙarfi tsakanin kowane doki da ɗan'uwansa don ingarmu ba sa haƙuri da juna a wuri matsattse, a nemi tudun da za a jingina bayanta da shi saboda tsayin daɓenta, sannan a ɗauki bas ɗaya ta kwashi mahaya da makaɗa da sirada da buhunan dawa.